Kaya ɗaya, ɗauri daban: yadda ake gina jimla da Ingilishi

1. MU KARANTA

Yara, yau zan ba ku labarin wata wasiƙa. Ni na rubuta ta da hannuna. Har yanzu in na tuna da ita sai kunya ta kama ni, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A lokacin ina ajin ƙarshe na kwaleji a Tasawa. Shekara huɗu ke nan ina koyon Ingilishi. Na hardace kalmomi da yawa, ina ji da kaina, ina ganin babu kamata.

Ina da kawu a Kano, ƙanen uwata. Yadi yake sayarwa a kasuwar Kantin Kwari. Shi ke aiko mini da kuɗin littattafai kowace shekara. Da muka gama jarrabawar BEPC sai na ce bari in sanar da shi. Kawu Bahaushe ne, ni ma Bahaushe ne. Da na rubuta da Hausa, da shi ke nan. Amma ƴaƴansa da Ingilishi suke karatu, ni kuwa ina so su san mu ma nan ba a bar mu baya ba.

Ga abin da ke cikin raina: "Kawu, na yi jarrabawa satin da ya wuce, ina jiran sakamako." Na fara juya maganar da Faransanci cikin kaina: J'ai passé l'examen. Wannan daidai ne. Sa'an nan na tuna akwai wata kalmar Ingilishi mai kama da passé, ita ce passed. Sai na rubuta:

I passed the exam last week.

Maganar jiran sakamako kuwa ban san yadda ake faɗinta ba, sai na bar ta. Na naɗe wasiƙa na ba wani direba mai zuwa Kano.

Ɗan kawu ya karanta, ya fassara wa ubansa daidai yadda aka rubuta: "Baba, ya ce ya ci jarrabawa." Kawu ya yi murna ƙwarai. Ya gaya wa dangi da maƙwabta. Bayan kwana goma sai ga direban nan ya dawo da sabon keke bisa motarsa. Kawu ya ce in riƙa hawa zuwa lise.

Da sakamako ya fito, babu sunana. Na faɗi.

Da dare baba ya kira ni zaure. Ya ce: "Faɗuwa ba abin kunya ba ce, kowa yana faɗuwa ya tashi. Amma don me za ka yi wa kawunka ƙarya?" Na rantse ban yi ƙarya ba. Bai yarda ba. Inna tana bayan ƙofa tana share hawaye, don ɗan'uwanta ne aka sa ya ji kunya cikin mutane.

Kashegari na kai maganar wurin malaminmu na Ingilishi. Na rubuta masa jimlar. Ya duba, ya girgiza kai. Ya tako har gidanmu ya yi wa baba bayani. Ya ce da Faransanci passer un examen ma'anarsa a zauna a yi jarrabawa, ko a ci ko a faɗi. Da Ingilishi kuwa pass an exam ma'anarsa a ci jarrabawa. Abin da ya kamata in rubuta shi ne:

I took the exam last week. I am waiting for the results.

Baba ya yi shiru. Can ya ce: "To, Malam, na ji. Ba maƙaryaci ba ne, mai gaggawa ne." Ya ɗauki keken ya kulle a ɗakinsa. Ya ce ba zan taɓa shi ba sai ranar da maganar wasiƙar ta zama gaskiya. Shekara guda keken nan ya yi a kulle. Na sake ajin, na ci jarrabawa, sa'an nan na hau.

Kalma ɗaya ce ta jawo duk wannan. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

2. DON ME MUKE KOYON INGILISHI?

Makaranta irin tamu, wadda ake fara karatu da harshen gida, an buɗe ta farko a Damagaram a 1973. A cikinta yaro yana koyon karatu da rubutu da Hausa, sa'an nan ya shiga Faransanci. Ingilishi kuwa yana jiran ku a ajin farko na kwaleji.

A cikin watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasar Nijar. Ya ce kuma Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki. Ban da wannan, maƙwabciyarmu Nijeriya da Ingilishi take aikin hukuma, haka ma Gana. Daga Tasawa da Mayahi mutane da yawa suna zuwa Katsina da Kano da Legas cin rani ko fatauci. Magani da man shafawa da batir da ake kawowa kasuwanninmu, da yawa rubutun jikinsu Ingilishi ne.

Kun riga kun san wasu kalmominsa ba ku sani ba. Mota, da tebur, da bokiti, da direba, da soja, da asibiti, duk daga Ingilishi Hausa ta aro su. Tara kalmomi ba shi da wuya. Haɗa su su zama jimla mai daɗin ji, wadda kowa zai gane, nan aikin yake.

3. MU LURA

Ku dubi manomi ya sussuke hatsinsa zai kai kasuwa. In jaki zai ɗauka, sai a raba hatsin biyu a zuba a mangala, gefe da gefe. In amalanke ce, sai a zuba a buhu a jera a ɗaure da igiya. In kuwa a ka za a ɗauka, sai a zuba a masaki a sa gammo. Hatsin bai sake ba. Ɗaurin ne ya sake. Wanda ya ɗora wa jaki masaki, kafin ya fita gari hatsi ya zube.

Haka harshe yake. Ma'ana ita ce hatsi. Jimla ita ce ɗauri. Kowane harshe da irin ɗaurinsa.

Ku kanku kuna yin wannan aiki kullum. Dala ɗaya sefa 5 ce. In mai tebur ya ce muku "dala 20", me kuke rubutawa da Faransanci? Kuna rubuta 100 francs. Ba ku cewa vingt, don kun san ƙimar kuɗin kuke ɗauka ku kai, ba lafazin ba. Da Ingilishi ma one hundred francs za ku ce. Wanda ya ce twenty dollars ya koma maganar kuɗin Amurka, ya tsorata mai saye.

Yanzu ku dubi magana ɗaya cikin harsuna uku:

Hausa: Ina jin yunwa.
Faransanci: J'ai faim.
Ingilishi: I am hungry.

Bahaushe jin yunwa yake yi. Bafaranshe cewa yake yana da yunwa. Mutumin Ingila kuwa cewa yake shi mayunwaci ne. Cikinsu ɗaya ne, duk ƙugi yake yi, amma kowa da yadda yake faɗi.

Ga wata kuma:

Hausa: Shekarata 12.
Faransanci: J'ai douze ans.
Ingilishi: I am twelve years old.

Wanda ya ce I have twelve years ya ɗauko ɗaurin Faransanci ya ɗora wa Ingilishi.

4. WURARE SHIDA DA HATSI YAKE ZUBA

Na ɗaya: aikatau da abokan tafiyarsa

A Hausa kalmar "sha" tana da abokai da yawa. Muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan mangwaro, muna shan wahala. A Ingilishi drink abin da ake kurɓa kaɗai take bi, kamar ruwa da nono da shayi. Sauran kowa da nasa aikatau:

Na sha ruwa. I drank water.
Na sha magani. I took the medicine.
Na sha mangwaro. I ate a mango.
Na sha wahala. I suffered.

Haka "ci" take. Tuwo kaɗai da irinsa ake yi wa eat:

Na ci tuwo. I ate tuwo.
Na ci jarrabawa. I passed the exam.
Na ci bashi. I borrowed money.
Mun ci wasan. We won the match.

Haka "ji" ma:

Na ji ƙara. I heard a noise.
Ina jin sanyi. I am cold.
Ina jin Hausa. I understand Hausa.

Saboda haka kada ku rubuta kalma ita kaɗai cikin littafinku. Ku rubuta ta da abokiyar tafiyarta: take medicine, pass an exam, win a match. Kalma ita kaɗai kamar takalmi wari guda ce.

Na biyu: kalmomi masu kama da juna

Ingilishi ya ari kalmomi masu yawa daga Faransanci, tun daga 1066, lokacin da mutanen Normandi na arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Shi ya sa wanda ya san Faransanci yake samun sauƙi. Table da village da question, rubutunsu ɗaya ne, ma'anarsu ɗaya. Amma akwai waɗanda suka yi kama a fuska, halinsu ya bambanta. Irinsu ne suka kayar da ni. Ga huɗu:

Passer un examen, yin jarrabawa ne. Pass an exam, cin jarrabawa ne.
Attendre, jira ne. Attend, halarta ne. Jira da Ingilishi wait ne.
Librairie, kantin sayar da littattafai ne. Library, ɗakin karatu ne inda ake aron littafi.
Demander, tambaya ne ko roƙo. Demand, nema ne da ƙarfi, kamar mai bin bashi.

Ku lura da ta ƙarshe. Yaron da ya rubuta wa babba I demand your help yana zaton ladabi ya yi, alhali kuwa tsawa ya daka. Abin da ya dace shi ne: Please help me, ko kuma I would like to ask for your help. Kama da wane ba ta wane. In kun ga kalma ta yi kama da wadda kuka sani, ku duba ƙamus, ko ku tambayi malam. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku: wa ke gaba, wa ke baya?

A Hausa muna cewa "farin rago", muna kuma cewa "rago fari". Faransanci ya ce un mouton blanc. A Ingilishi sifa gaban suna take tsayawa: a white sheep.

Adadi ma haka. Hausa ta ce "buhu biyar", suna gaba, adadi baya, kuma ba dole ba ne a yi jam'i. Ingilishi ya ce five bags, adadi gaba, suna baya, kuma jam'i dole ne. Kada ku manta da ƙaramin s ɗin nan na ƙarshe.

Wajen mallaka, Hausa da Faransanci hanya ɗaya suke bi, Ingilishi ya juya:

Hausa: gonar babana
Faransanci: le champ de mon père
Ingilishi: my father's farm

Mu mukan fara da abin, sa'an nan mai shi. Su sukan fara da mai shi, sa'an nan abin. In aka haɗa duka sai a samu:

Fararen ragunan kawuna uku sun ɓata.
My uncle's three white rams are lost.

Ku karanta jimlar Hausa, ku karanta ta Ingilishi. Kun gani? Kawu yana kusa da ƙarshe a wajenmu, su kuwa da shi suka fara.

Na huɗu: wakilin suna da lokaci

A Hausa ba mu cewa "Yara tafi". Sai mun ce "Yara sun tafi". Kalmar "sun" tana wakiltar yaran, tana kuma nuna aikin ya wuce. A Ingilishi in an ambaci suna ba a sake kawo wakilinsa. Kada ku ce The children they went. Ku ce The children went.

To, wa zai nuna lokaci? A Hausa wakilin suna ne yake sakewa: na tafi, nakan tafi, zan tafi. A Ingilishi aikatau ne yake sakewa: I went, I go, I will go. Don haka Yesterday I go kuskure ne, ko da akwai "jiya" a ciki. Sai Yesterday I went.

Akwai kuma wani tarko. Muna cewa "na sani", "na gane", "na gaji", kamar abin ya wuce, alhali halin da muke ciki yanzu muke nufi. Ingilishi ya ce: I know, I understand, I am tired.

A Hausa kowane abu namiji ne ko mace. Mota "ta" lalace, keke "ya" lalace. A Ingilishi he na namiji ne, she na mace, abin da ba shi da rai kuwa it ne. In ana maganar mota sai a ce It is old. Amma kada ku juya ku ce wa innarku he, ko ku ce wa babanku she.

Kalmar "an" ta Hausa tana da ƴar'uwa a Faransanci, ita ce on. Ingilishi yakan bi wata hanya:

Hausa: An sace akuyarmu.
Faransanci: On a volé notre chèvre.
Ingilishi: Our goat was stolen.

Hausa: An yi ruwa jiya a Mayahi.
Faransanci: Il a plu hier à Mayahi.
Ingilishi: It rained in Mayahi yesterday.

Na biyar: tambaya da amsa

A Hausa murya kaɗai ta isa ta mai da magana tambaya. "Ka tafi kasuwa." "Ka tafi kasuwa?" Ingilishi yakan kira mataimaki ya tsaya gaba: Did you go to the market? Wajen korewa ma shi ake kira: I did not go. Ku lura, in did ya zo, aikatau yakan koma yadda yake tun asali. Ba a cewa did not went.

Yanzu ku kasa kunne, wannan muhimmi ne. A ce kun raka kakarku asibiti a Katsina. Likita ya tambaya: Didn't she take the medicine? Wato, "Ba ta sha maganin ba?" Kaka kuwa ba ta sha ba. Bahaushe zai ce: "I, ba ta sha ba." Yana nufin: "Gaskiyarka, likita." Amma in kuka ce Yes, likita zai ɗauka ta sha. Zai yi zaton maganin ne bai yi aiki ba, ya sake mata wani.

A Ingilishi amsa aikin take bi, ba mai tambaya ba. In an yi aikin, Yes. In ba a yi ba, No. Faransanci ma non yake cewa a nan. Kuma don a kawar da shakka, ku cika amsarku:

No, she didn't take it.
Yes, she took it this morning.

Na shida: jimla ɗaya, kaya ɗaya

In kaka tana tatsuniya, "sai" ce ke jan labari: sai gizo ya tashi, sai ya tafi, sai ya gamu da kura. Da Hausa wannan yana da daɗi. In aka kwashe shi aka zuba a Ingilishi sai ya zama and then, and then, and then, mai karatu ya gaji. Ku dubi wannan:

Yesterday I went to the market and then I saw my uncle and then he gave me money and then I bought a pen and then I went home.

Kaya sun yi wa jakin nan yawa. Mu rage masa:

Yesterday I went to the market. I met my uncle there, and he gave me some money. I bought a pen and went home.

Jimla uku, kowace da ayarta. Mai karatu ya sami wurin numfashi.

Ku kula kuma kada jimlarku ta zama mai baki biyu. "Kawu ya ce wa baba ya sayar da ragonsa." Ragon wa? Na kawu ko na baba? Da Ingilishi ma his ram bai raba gardama ba. Irin wannan yakan haɗa ƴan'uwa faɗa ana gab da Babbar Salla. Maganinsa shi ne a kawo maganar daga bakin mai ita:

Uncle said to Father, "Sell my ram."

5. GAISUWA

Gaisuwar Hausa doguwa ce. Muna tambayar kwana, da gajiya, da gida, da aiki, da sanyi. Wannan ladabinmu ne, kada ku yar da shi. Amma ba a fassara shi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce How is the tiredness? zai sa baƙo ya yi zaton an ga alamar ciwo a fuskarsa. Da Ingilishi Good morning, how are you? ta wadatar. In an saba sai a ƙara How is your family?

Ku san kuma Ingilishi ba iri ɗaya ba ne a duniya. Kamar yadda Hausar Tasawa ta bambanta da ta Kano da ta Sakkwato, haka Ingilishin Nijeriya ya bambanta da na Ingila da na Amurka. A Kano in mutum zai fita ya dawo yakan ce I am coming, wato "ina zuwa". Kowa ya gane. In ya tarar da masu aiki yakan ce Well done, wato "sannu da aiki". A Ingila kuwa mai fita I will be right back yake cewa, Well done kuma yabo ne ga wanda ya gama aiki mai kyau. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ku dai ku san da wa kuke magana, ku zaɓi abin da zai gane.

6. YADDA ZA KU YI AIKI

In za ku rubuta jimla da Ingilishi, ku bi matakan nan biyar:

1. Ku faɗi maganar da Hausa tukuna, a taƙaice. Wanda bai san abin da yake nufi da harshensa ba, ba zai faɗe shi da harshen wani ba.
2. Ku tambayi kanku: wa ya yi? Me ya yi? Ga wa? Ina? Yaushe?
3. Ku ajiye kalmomin Hausa da na Faransanci gefe. Ku nemi jimlar Ingilishi da kuka taɓa ji ko karantawa mai irin wannan gini, ku zuba ma'anarku a ciki.
4. Ku karanta da ƙarfi. In numfashinku ya ƙare kafin aya, jimlar ta yi tsawo, ku raba ta biyu. Ku kula da p da f, don pull ja ne, full kuwa cikakke ne.
5. Ku ba abokinku ya mayar da ita Hausa ba tare da kun gaya masa kome ba. In abin da ya faɗa shi ne abin da kuke nufi, jimlarku ta yi. In ya faɗi wani abu daban, ku sake ɗauri.

Mataki na biyar shi ne wanda na tsallake. Da na ba wani ya mayar mini da wasiƙata Hausa, da ya ce: "Ashe ka ci jarrabawa?" Da na farga tun direba bai tashi ba.

In kuwa maganar babba ce, kamar ta ciwo, ko ta kuɗi, ko ta gona, kuma wanda za ku rubuta wa yana jin Hausa, ku rubuta da Hausa. Don haka aka koya muku rubuta ta.

7. MU RIƘE

Ma'ana ake ɗauka, ba kalma ba.
Kowace kalma a koye ta da abokiyar tafiyarta.
Kalmar da ta yi kama da ta Faransanci, a bincika ta.
Jimla ɗaya, kaya ɗaya.
Kafin a aika, a ba wani ya karanta.

8. TAMBAYOYI

1. Don me mai labarin ya rubuta wa kawunsa da Ingilishi?
2. Me yake nufi, me kuma ɗan kawu ya gane?
3. Wace magana ce ya bari bai rubuta ba? Da ya rubuta ta, me zai faru?
4. Me ya fi ɓata wa baba rai, faɗuwar ko abin da ya zata ƙarya ce? Don me?
5. Baba ya ce: "Ba maƙaryaci ba ne, mai gaggawa ne." Kun yarda da shi? Ku faɗi dalilinku.
6. A cikin misalin hatsi, mene ne hatsin, mene ne ɗaurin?

9. AIKI

A. Ku gyara jimlolin nan, ku faɗi daga wane harshe kuskuren ya fito, Hausa ko Faransanci:

1. I have ten years.
2. My sister she drank the medicine.
3. We bought goat three in Korgom.
4. Yesterday I go to Maradi.
5. I am attending my brother at the door.
6. The car is old, she is broken.

B. Ku rubuta waɗannan da Faransanci, sa'an nan da Ingilishi. Ku ja layi ƙarƙashin wurin da ginin ya bambanta:

1. Ina jin ƙishirwa.
2. Rijiyar garinmu tana da zurfi.
3. An yi ruwa a Maijirgi.
4. Ƙanena ya ci jarrabawa.
5. Na sayi tabarma dala 100.

C. Ku zauna biyu biyu. Ɗaya ya zama likita, ɗaya ya zama mai jinya. Likita ya yi tambaya uku masu korewa. Mai jinya ya ba da cikakkiyar amsa.

D. Aikin gida: ku sake rubuta wa kawu wasiƙar nan da jimla huɗu, na farko gaisuwa, na ƙarshe godiya. Ku rubuta da Hausa tukuna, sa'an nan da Ingilishi. Gobe kowa zai ba na kusa da shi ya mayar da ita Hausa a gaban aji.